Zauren da Ba Takalmi a Ƙofarsa

Ni mutum ne mai duba takalmi kafin in yi sallama. Haka mahaifinmu ya koya mana a Toranke tun muna ƙanana: in ka zo ƙofar zaure, ka fara kallon ƙasa. Takalman da ke nan za su gaya maka su wa ke ciki da irin gaisuwar da za ka shiga da ita. In ka ga na liman, ka sassauta murya. In ka ga na surukinka, ka juya ka dawo an jima. Naka kuwa ka cire ka jera su, dama a dama, hagu a hagu, hancinsu na kallon waje. Shekara arba'in da 'yan kai ban saɓa wannan ba, kuma shi ne ya kusa raba ni da wurin da na sami lafiya. Zan faɗi abin bi da bi, yadda ya faru.

Manomi ne ni. Gandu ɗaya muke nomawa da yayana, gero da dawa da gyaɗa, ranar kasuwar Ajingi kuma ina awon hatsi. Karatuna na boko bai wuce aji biyu na sakandare ba. Kuma na sha giya shekara goma sha ɗaya. A wajen cin rani na koyo ta, can kudu, inda na yi gadi. Da na dawo gida ban daina ba, sai dai na sa mata tsari. Ba na sha ranar Juma'a, ba na sha da azumi, ba na sha a gida. 'Yar ƙaramar ledar nan nake saya a hannun wani da ba zan bayyana ba, in kai ta gonarmu ta gabas, in sha a gindin tsamiya, in tauna citta da kanumfari, in tona rami a jikin gambar iyaka in binne ledar. Ban taɓa tangaɗi a gaban mutum ba. Saboda haka a ganina ni ba mashayi ba ne. Mashayi shi ne wanda ake tsinta a kwata.

Abin da na fi tsoro a duniya shi ne Yaya ya sani. Ya girme ni da shekara tara, shi ya riƙe gidan bayan rasuwar mahaifinmu, kuma kullum a kwano ɗaya muke cin tuwo a zaure, ni da shi. Na taɓa jin sa da kunnena, ana zancen wani ɗan garinmu da aka kama da kwalba, ya ce shi ba zai sa hannu a kwano ɗaya da mashayi ba ko da ɗansa ne. Yaya ba ya magana biyu. Na san ranar da ya ji, ranar za a raba kwano, daga nan a raba rumbu, daga nan a raba gona.

Sai jiki ya ƙi bin tsarin da na yi masa. Wata damuna idona ya yi rawaya, hannuna ya fara rawa da safe, har in ina awo hatsi na zuba daga tiya. Masu saye suka fara tsokanata wai tsufa ya koya mini gyara. Na nemi magani sau uku. Na farko na je wurin wani malami neman rubutu, amma da ya tambayi damuwata sai na ce ciwon ciki, shi kuma ya ba ni rubutun ciwon ciki. Laifin ba nasa ba ne. Na biyu na sayi wani jiƙo a kasuwa mai sa amai. Na yi aman kwana biyu, a na uku na koma gindin tsamiya. Na uku na zauna da wayata ina lalube da ɗan Turancin da nake da shi. Na ga ana taron masu son barin sha, amma duk a manyan birane masu nisa, wasu kuma ta waya ake yi, kowa daga ɗakinsa. Na ce a raina, mutumin da ba ka ga fuskarsa ba, yaya za ka ba shi asirinka? Murya kuma ai naɗarta ake yi. Na rufe wayar.

Da cikina ya fara kumbura mai ɗakina ta matsa, na tafi asibiti a Gaya. Malamin asibitin da ya duba ni ya danna ƙasan haƙarƙarina, ya sallami wanda ke ɗakin, ya ja ƙofa, sannan ya tambaye ni kai tsaye nawa nake sha. Na ce ban gane ba. Ya ce hantata ta gane. Ya kwantar da ni kwana huɗu, ya ce irina ba ya yanke ta lokaci ɗaya shi kaɗai a gida, akwai haɗari. Ga iyalina aka ce ciwon shawara ne, kuma ba ƙarya aka yi ba. Ranar sallama ya ce abin da magani zai yi ya yi, saura kuma sai da mutane. Akwai wasu, in ji shi, da ke haɗuwa duk Laraba tsakanin azahar da la'asar, a wani zaure mai ƙofar langa-langa bayan injin niƙa a nan Gaya, dukkansu sun sha sun bari ko suna ƙoƙarin bari. Na ce ya rubuta mini takardar da zan kai musu. Ya ce babu takarda. Na ce to sunan shugabansu. Ya ce babu suna, in dai je in yi sallama.

Wannan amsar ba ta kwanta mini ba. Wuri ba takarda, ba suna, ba shugaba. A motar komawa na jera abin gida uku. Ko dai tarko ne, a tara mu mu faɗi da bakinmu, rana ɗaya a zo da mota a kwashe. Ko mashaya ce aka sake wa suna. Ko kuwa wasu ne daga nesa ke neman hanyar shiga kan mutane da wani abin da ba na addininmu ba. Shi kansa malamin asibitin na sa shi a ma'auni: me zai ci a ciki da har ya rufe ƙofa?

Amma kwana goma da sallamata ƙafata ta fara kai ni hanyar gonar gabas ba da izinina ba. Don haka na yanke shawarar in je in gani, ba in shiga ba.

Larabar farko na hau acaɓa na ce ya bi ta bayan injin niƙa, kada ya tsaya. Na ga ƙofar a buɗe kaɗan, ban ga kowa ba. Laraba ta biyu na je da wuri, na zauna a benci wurin wani mai shayi da ke tsallaken hanya, na sa hula ta rufe goshi. Bayan an sauko daga azahar suka fara zuwa ɗaya ɗaya. Wani dattijo mai tumbi, wani siriri da zare a jikin rigarsa, wani dogon Bafulatani da sandarsa. Na ƙirga mutum bakwai sun shiga. Sannan na kalli ƙasa, kamar yadda aka koya mini. Babu takalmi ko ɗaya a bakin ƙofar.

Zaure da mutum bakwai a ciki, ƙofarsa fayau. Ko a ina ake shiga da takalmi? Ba masallaci ba, ba makaranta ba, ba gidan mutunci ba. A mashayar kudu ne na san ana zama da takalmi a ƙafa, saboda in ta ɓaci a ruga. Na tambayi mai shayin, kamar ba komai, gidan wa ne wancan. Ya ce bai sani ba, ya ci gaba da fifita wutarsa. Shi ma ban yarda da shi ba. Na zauna har aka kira la'asar, suka fito. Na dubi tafiyarsu da idon wanda ya san abin, ban ga mai tangaɗi ba. Amma ni ma ai ban taɓa tangaɗi ba.

Laraba ta uku na zo da niyyar sake kallo kawai. Sai hannuna ya kama rawa har shayi ya zube mini a wando. Na ajiye kofin, na tsallaka. Na tsaya a ƙofar, na cire takalmina na jera su, dama a dama, hagu a hagu. Na ce ko su ba su da tarbiyya ni ina da ita. A nan ya kamata in faɗi wani abu game da takalman. Ina saurayi na faɗo daga amalanke, ƙafata ta hagu ta ɗan gajarta. Tun lokacin wani baduku a Ajingi ke yi mini takalmi, yana ƙara taya ninki biyu a dugadugin hagu, ya ɗinke da jan zare. Daga Toranke har Ajingi ba wanda bai san su ba.

Na yi sallama, aka amsa ƙasa ƙasa. Wani na cikin magana, don haka dattijon mai tumbi ya nuna mini gefen tabarma kawai. Babu kwalba, babu wari. Buta biyu ne da tulu, da faranti mai gyaɗa soyayya. Mai maganar yana ba da labarin yadda ya wuce ƙofar mai sayar masa sau huɗu a mako bai tsaya ba, ranar ta biyar ya tsaya. Ba wanda ya yi masa wa'azi. Dattijon, wanda daga baya na gane tsohon direban bas ne, ya tambaye shi ƙarfe nawa ne da ya tsaya, kuma ya ci abinci kafin nan ko bai ci ba.

Da aka juyo kaina na ce ni tambaya na zo yi, kuma uku ce. Ta farko, wa ke shugabanci a nan?

"Wanda ya riga zuwa ya yi shara," in ji direban.

Ta biyu, wa ke rubuta abin da aka faɗa? Siririn nan mai zare a riga, tela ne, ya zazzage aljihunsa, alli da ƙaramin almakashi suka faɗo. Ya ce in na ga biro a ɗakin nan in ɗauka, ya ba ni. Ta uku, wa ke biyan ku?

"In ka samo shi, Malam, ka ce ina gaishe shi," in ji Bafulatanin. "Shekara biyu ina zuwa, gyaɗar wannan Babarbaren kaɗai nake samu, ita ma rabinta ƙonanniya."

Direban, wanda shi ne Babarbaren, ya ce ai bawa ba ya zaɓen abinci. Aka yi dariya. Telan ya ce tunda ba a tambayar suna a nan, daga yau sunana Alƙali. Ban yi dariya ba, amma na saurara. Suka gaya mini dokarsu: ba a tambayar mutum gidansu ko garinsu, abin da aka ji a nan a nan yake zama, in an haɗu a kasuwa gaisuwar baƙo da baƙo ce. Ban faɗi komai a kaina ba ranar, sai dai da direban ya kwatanta yadda bakinsa ke tara miyau in ya hango inuwar da ya saba sha a cikinta, na ji kamar tsamiyarmu ya leƙa.

Doka ta huɗu ba wanda ya tuna ya gaya mini. Da aka kira la'asar telan ya jawo wani tsohon buhun taki daga bayan ƙofa ya juye, takalma suka zubo, kowa ya ɗauki nasa. Ashe a hannu suke shigo da su, don kada mai wucewa ya karanta su. Direban ya dubi ƙafata.

"Alƙali, haka ka taho daga gida?"

Na ce nawa suna waje, inda ya kamata. Telan ya leƙa ya dawo, ya ce babu komai a ƙofa. Fuskarsa ta canza. Ya ce shi ɗinkin matan unguwa yake ci da shi, in aka fara tsayawa ana duba ƙofar nan, shi ya gama. Direban ya ce ɓarawon takalmi ne kawai, ya ba ni silifas ɗin alwala. Da su na koma gida ina ɗingishi, na ce wa mai ɗakina an sace mini a masallaci.

Kashegari da na fito sallar asuba, ga takalmina a ƙofar zaurenmu na Toranke, a jere, an goge musu ƙura.

Ɓarawo ba ya dawo da kaya. Wanda ya kawo su ya san inda ya ɗauke su, ya kuma san gidana. Na sake jera abin. Ko mutanen zauren ne ke nuna mini cewa sun san inda nake, in yi hankali da bakina. Ko mai shayin ne. Ko ɗan acaɓan da ya kai ni ranar farko, don yana yi mini kallon sani. Ko malamin asibiti, tunda sunan garinmu na jikin katina. Na tambayi mai ɗakina ko ta ji motsi, ta ce a'a, na ga kamar ta yi saurin amsawa. Ranar Juma'a liman ya yi huɗuba a kan amana, na ɗauka da ni yake. A kasuwar Ajingi na hango Bafulatanin nan yana cinikin dusa, ya dube ni ya yi mini gaisuwar baƙo kamar yadda dokarsu ta ce, ni kuwa na fassara ta da cewa ya riga ya sayar da ni. Wajen cin tuwo kuma hannun Yaya nake kallo, ko zai janye. Bai janye ba, bai kuma ce komai ba, sai zancen gyaɗar da ta isa cira.

Na yanke cewa ba zan koma ba. A ranar kasuwar nan, bayan na tashi daga awo, na bi ta wurin mai sayar mini na sayi leda ɗaya. Na ce ba sha zan yi ba, ajiyewa zan yi. Ta kwana biyu a aljihuna.

Ranar Laraba da hantsi ya ɗaga na kama hanyar gonar gabas. Daga nesa na hango mutum a iyaka yana yankan gamba don zana. Yaya ne. Juyawa ba ta yiwuwa, ya riga ya gan ni. Na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Ya yanka dami ɗaya ya ajiye, sannan ya miƙe.

"Yau ba Laraba ba ce?"

Na ce Laraba ce.

"To me kake yi a nan?"

Ya nuna mini gindin tsamiya da bakin laujensa, muka zauna. Ya ce tun da aka sallamo ni yake sa mini ido, da ya ga na ɓace Larabar farko ya zaci na sami sabon wurin sha a Gaya, shi ya sa ya bi ni a babur ɗinsa. Ranar da nake zaune wurin mai shayi ina kallon ƙofa, shi yana wurin mai faci yana kallona. Da ya ga na shiga ranar ta uku, ya je wurin mai injin niƙa ya tambaya. Mai injin ya ce masa masu neman lafiya ne, duk unguwar an san su, ba a dai magana. Yana fitowa sai ga a-kori-kura ta tsaya da buhunan mutanen garinmu, ga kuma takalmina a ƙofa, jan zare na kiran mutane. Shi ne ya sa su a cikin rigarsa ya wuce.

Na ce me ya hana ya gaya mini.

"Na jera maka su yadda Baba ke jerawa. Wa kake zaton zai yi haka in ba ɗan gidan nan ba? Kai da kake karanta takalmin mutane."

Sai na yi ƙarfin hali na tambaye shi tun yaushe ya sani. Ya ce shekara shida ke nan da garmar shanu ta fara tono ledojina a jikin gambar nan. Roba ba ta ruɓewa. Duk shekara yana tsince su ya ƙona kafin masu ƙwadago su zo. Na tuna masa abin da ya faɗa game da kwano. Ya gwada kaifin laujen da babban yatsansa.

"Na faɗa. Lokacin ban san a gidanmu take ba. Shekara shida ina ci da kai, ka ga na janye hannu? Amma in ka bar wurin nan ka dawo gindin bishiyar nan, ban san abin da zan yi ba. Kada ka gwada ni."

Bai tambayi abin da ke aljihuna ba, ko da yake idonsa ya je can sau biyu. Ni na ciro ta da kaina na ajiye a ƙasa tsakaninmu. Ya soke ta da lauje, ƙasa ta shanye, ya sa ledar a aljihunsa. Ya ce in tashi, in an yi sauri za mu sami azahar a Gaya.

A bakin injin niƙa ya sauke ni, bai matsa kusa da ƙofar ba. Na cire takalmina na riƙe su a hannu. Sai da na tsaya, don ji na yi kamar ina saɓa wa mahaifinmu. Na shiga na sa su a buhu, na ba da haƙuri, na faɗi yadda aka yi ban ambaci garinmu ba. Direban ya ce Alƙali ya yanke wa kansa hukunci, shara ta wata guda. Telan bai zo ba ranar. Bai zo mako na gaba ba, da na gaba. Da ya dawo bayan wata biyu ya rame, ya ce ya koma shan giya a tsakani. Bai ce ni na jawo ba, ba wanda ya ce, amma na sani, kuma ban ga dalilin ɓoye shi a nan ba.

Yanzu kaka uku ke nan. Ni ke riga kowa zuwa, ni ke shara, ni ke tsayawa a bayan ƙofa in gaya wa baƙo dokar takalmi kafin ya sunkuya. Har yau ban gama yarda da mai shayin nan ba, mai injin niƙa kuma a ganina bakinsa ya fi yadda ake zato sauri, tunda tambaya ɗaya Yaya ya yi masa. Na gaya wa direban haka, ya ce in ci gaba da sa ido, aikin Alƙali ne. In na dawo Toranke da yamma nakan tarar Yaya a zaure, an ajiye tuwo bai buɗe ba. Ba ya tambayata abin da aka ce a can. Yakan dubi idona, ya dubi hannuna, sannan ya ɗage faifai ya turo kwanon tsakiya.